Jar Riga Ranar da Aka Ƙone Wisa

'Yata Wisa ta mutu ranar Laraba da la'asar, a bakin titin da ke gangarowa daga kan dutse, kuma ba na wurin. Ina shago ina gugar rigunan ɗalibai. Kafin a kira ni, kafin in kashe dutsen guga in ja ƙofa in tsayar da mota cikin ruwan sama, an riga an rufe mata fuska. Wani daga cikin masu motar ceto ya gaya mini ta yi magana, ta jima tana yi, amma shi yana can yana tare motoci, bai ji komai ba. Mutum ɗaya ce ta ji. Yaling, ƙawarta 'yar China, wadda Wisa ta goyo a bayan babur, ita ta riƙe mata kai a cinya har numfashi ya tsaya.

Daga wannan sa'ar ban ƙara son komai ba sai abu ɗaya: in ji me 'yata ta ce. Ko zagina ta yi, ina so in ji.

Yaling tana kwance a asibiti, ƙashin kafaɗarta ya karye, an yi mata aiki an sa ƙarfe. Ni kuma gawa tana haikali, uwa ba ta barin akwatin 'yarta ta tafi wani wuri. Na aiki wata ɗaliba ta tambayo mini. Ta dawo ta ce Yaling ba za ta ba da saƙon a bakin kowa ba. Asabar za a sallame ta, Lahadi za ta zo wurin ƙona gawar ta faɗa mini da bakinta. Na ce to.

Shekara ashirin da biyu ina wanki da guga a lungun da ke bayan jami'a a birninmu Chiang Mai. Farar riga da baƙin siket, farar riga da baƙin wando, kullum su ne. Da su na rene Wisa bayan ubanta ya mutu, da su ta shiga jami'ar da nake yi wa 'ya'yanta wanki. Ita ta kawo mini Yaling, ajinsu ɗaya. Ranar farko yarinyar ta miƙo mini jakar wanki, na zazzage, babu abu ɗaya mai launi. Baƙar riga, baƙin wando, har safa.

Na ce da Wisa, "Wa ya mutu mata?"

Wisa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, gayu ne! Haka suke yi, wai baƙi yana ramar da mutum."

"Wannan da iska za ta iya ɗauka, ramar me take nema kuma?"

Yaling ba ta gane ba, lokacin harshenmu bai zauna mata ba, amma ta ga muna dariya ita ma ta yi. Cikin wata biyu ta koyi ce mini Inna. Ta koyi cin shinkafa mai danƙo da hannu, tana dangwala yaji tana hawaye tana cewa a ƙara.

A shekararsu ta uku malaminsu ya ba su aiki su biyu. An ba su katuna masu launi, za su nuna wa ɗalibanmu hamsin da ɗaliban China hamsin, kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa da ya ga launin. A kan teburin gugata suke baje takardun da yamma, ina korar su suna dawowa.

Wisa ta ɗaga jan kati. "Yaranmu sun ce fushi. Wasu sun ce haɗari."

"Namu duka murna," in ji Yaling. "Amarya. Sabuwar shekara."

"Ku kam ko gobara kuka gani sai ku ce biki ake."

"Ku kuma kun ce fari tsarki ne. Fari! Kakata ta ga farin fure a ɗaki, sai ta fita da gudu."

Wannan gaskiya ne, na gani da idona. Ranar iyaye mata Wisa ta durƙusa ta miƙo mini sarƙar farin fure kamar yadda kowace 'ya take yi, na waiga na ga Yaling ta dafe ƙirji, fuskarta ta sauya. Wai a garinsu matacce ake kai wa irin wannan. Suka ɗaga shunayya, Wisa ta ce wannan na gwauruwa ne da wadda saurayi ya yaudara, Yaling ta ce a'a, na manyan mutane ne. Suka ɗaga rawaya, Yaling ta toshe baki tana ƙyalƙyala, ta ƙi faɗa a gabana, sai da ta raɗa wa Wisa a kunne, Wisa ta ɗaka mata duka a baya ta ce, "Marasa kunya!" Ni na ce su tattara su ba ni wuri, in wannan shi ne karatun jami'a da ban sha wahalar guga ba.

Abin da Yaling ta fi so shi ne launin ranaku, don a wurinmu kowace rana da launinta. Ta rubuta su a bangon littafinta kamar 'yar firamare. Lahadi ja, Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, har zuwa Asabar. Ta gano ita Alhamis aka haife ta, ta yi tsaki ta ce ruwan goro ba ya yi mata kyau. Wisa kuwa 'yar Lahadi ce. Jakarta ja, lemarta ja, hular kwanon babur ɗinta ja.

Ranar da Wisa ta cika ashirin da ɗaya muka shirya da sassafe za mu kai wa sufayen haikali sadakar abinci. Wisa ta sa jar riga, ni ma na nemo wani jan gyale. Sai ga Yaling ta shigo da kwalin kek, baƙi tun daga wuya har ƙafa. Na tare ta a bakin ƙofa.

"Tsaya nan. Ranar haihuwar 'yata za ki shigo mini haka? Fata kike yi mata?"

"Inna, sabuwa ce..."

"Ko daga sama ta faɗo." Na jawo wata jar riga daga kayan da masu su suka bari ba su dawo ba, na cusa mata. "Ki ji da kyau. Kada ki sake zuwa wurin 'yata da baƙi. In kina ƙaunarta ki zo mata da launinta. Kin ji ko?"

Ta ce ta ji. Ta shiga bayan labule ta sauya. Wisa tana ta tsokanarta wai ga amaryar China ta fito. Na faɗi maganar na wuce, kamar yadda mutum yake faɗin magana ɗari a rana. Bayan wata huɗu aka yi haɗarin.

Kwana huɗu akwatin ya yi a rumfar haikali. Yayar mijina, Tongbai, ita ta karɓe komai, ta ce ni ba ni cikin hayyacina. Ta zo da sabuwar rigar leshi baƙa wul, da sarƙar zinariya a kai don baƙin ya fito da ita. Ranar farko ta rungume ni ta yi kuka mai sauti, hawayen bai bushe ba ta kawo baki kusa da kunnena.

"Duan, lambar babur ɗin nawa ce ma?"

Na dube ta.

"Kada ki yi mini wannan kallon. Sha shida ga wata za a fitar da caca. Yarinyar kirki ce, ba za ta tafi ba ta bar wa danginta komai ba."

Na juya mata baya. Ba ta damu ba, ta aika mijin 'yarta ofishin 'yan sanda, inda babur ɗin yake, ya leƙo. Kafin azahar lambar ta zaga rumfa, ana rubutawa a tafin hannu. Wasu suka ce a'a, shekarunta za a bi. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zo ta durƙusa gaban hoton Wisa ta kunna turare, na ɗauka addu'a take yi, ashe tokar turaren take kallo ko za ta lanƙwashe ta yi kama da lamba.

Kowa cikin baƙi. Babu wanda ya yi kuskure ko na zare ɗaya. A bayan rumfa maza suka shimfiɗa tabarma suna karta, sufaye suna karatu, ana jin ƙarar katin yana faɗuwa. 'Yan matan dangi suka jera gaban furanni suna ɗaukar hoto, ɗaya ta ce a sake, fuskarta ba ta nuna baƙin ciki sosai ba. Wani ƙanin mijina ya ce miyar taliyar ba ta ji kwakwa ba, a makokin wane an fi wannan. In lokacin abinci ya yi nakan ɗauki ɗan faranti in ajiye gefen akwati, in ƙwanƙwasa sau uku in ce, "Wisa, ci abinci." Hannuna yana kan katakon ina jin su a bayana suna tauna.

Tongbai kuma ba ta da zance sai na hular kwano. Guda ɗaya ce a babur ɗin, kuma a kan Yaling aka same ta.

"Tamu ta mutu, tasu ta tashi da 'yar karaya," take gaya wa duk wanda ya zauna. "Sun cika mana gari, sun saye gidaje, yanzu har hulunan kanmu."

Ban hana ta ba. Gaskiya ita ce ni ma abin yana ci na. Amma na danne, don yarinyar tana riƙe da abin da nake so.

Lahadi da ƙarfe ɗaya aka zaga da akwatin sau uku, aka hau da shi matakala zuwa bakin murhun ƙona gawa. Aka buɗe, aka fasa kwakwa aka zuba mata ruwan a fuska. Na duba sau ɗaya. Mutane suka yi layi, kowa da furen itace a hannu, za su ajiye a ƙarƙashin akwati kafin a rufe ƙofar ƙarfe. Ina tsaye a saman matakala, idona yana kan ƙofar haikali tun safe.

Sai surutu ya ɗauke. Daga baya ya fara, ya taho gaba.

Ta shigo ita kaɗai, hannu ɗaya rataye a wuya, rabin fuskarta duk ɓawon ciwo. Riga ce doguwa har gwiwa, ja. Ba ja mai duhu ba, ja irin na motocin hayar garinmu, irin wanda ake gani daga ƙarshen titi. Mutum wajen ɗari biyu cikin baƙi, ita tana ratsa su a hankali, suna darewa kamar mai kuturta ce ta zo. Ta tsaya wurin tire ta ɗauki furen itace ɗaya, ta nufo matakala.

Abin da na ji ba fushi ba ne da farko. Ƙyama ce, kamar ranar da na buɗe jakar wankin wani ɗalibi na tarar da ɓera ya mutu a ciki. Na tuna muryarta a kan teburina: namu duka murna. Amarya. Sabuwar shekara.

Tongbai ta riga ni. "Jama'a, ku gani! Biki ta zo! Ina ango, 'yar nan? Ina masu ganga?"

"Tir," wani ya ce. Wata ta tofar da yawu.

"Ta ci hular, ta zo rawa. Ke, a garinku haka ake yi? Uwarki ba ta koya miki komai ba?"

Yaling ba ta kalle su ba, ni take kallo. Ta hau taki uku, ta haɗa hannunta mai lafiya da wanda ke rataye da ƙyar, ta sunkuyar da kai.

"Inna, na zo. Na zo mata da..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na sauko na fizge furen daga hannunta na jefar ƙasa. Abin da na ce ina tunawa sarai, don a hankali na faɗe shi.

"Fita. Kada ƙazantarki ta taɓa akwatin 'yata."

Ta buɗe baki. Maza biyu daga masu karta suka kama ta, ɗaya ma ta kafaɗar da aka yi wa aiki, ta yi ƙara, suka kai ta waje suka turo ƙofa. Aka ci gaba da layi. Wani ya taka furen nata. Aka rufe murhu, aka kunna.

Da hayaƙi ya fara fita ta dogon bututun na ɗaga kai, sai na hango ta ta saman katanga, a tsallaken titi gindin wata bishiya. Tana tsaye tana kallon hayaƙin. Har muka watse jan yana nan. Tongbai ta dafa ni ta ce, "Kin yi daidai, Duan, yau kin burge ni." A nan ne na tuna ban ji saƙon ba. Na kore shi da hannuna. Amma ko a lokacin na ce a raina, bakin da ya iya wannan, ba na son maganar 'yata ta fito daga cikinsa.

Washegari da safe muka koma kwasar ƙashi. Mai kula da murhu ya jera abin da ya rage a kan farin ƙyalle, ya yi masa siffar mutum, ƙarama ƙwarai. Ina yayyafa ruwan turare, Tongbai ta sunkuya tana juya wani guntu da yatsa.

"Duba nan. Wannan tsagar ba bakwai ba ce? Ko ɗaya ce? Kawo wayarki, haska mini."

Na tsinci 'yan guntaye na zuba a ƙaramin tulun tagulla, na rufe, na tafi ban yi wa kowa sallama ba.

Shagon yana yadda na bar shi ranar Laraba, rigar da nake gogewa tana kan tebur da hannu ɗaya a goge. Ban san abin da zan yi da jikina ba, sai na kama aiki. Jaka ta uku da na jawo ta Yaling ce, ta kawo tun kafin haɗarin. Na so in wurga ta titi. Na zazzage. Baƙi, baƙi, baƙi, sai a can ƙasa abu ɗaya ja. Rigar nan ce da na cusa mata ranar haihuwar Wisa. Ba ta taɓa dawo da ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Na zauna a ƙasa da rigar a hannu. Na ji muryata kamar wata ce take magana a bakin ƙofa. Kada ki sake zuwa wurin 'yata da baƙi. Ban ce ban da ranar mutuwa ba. Wa zai ce? Wane ɗan garin nan ne ba a haife shi da sanin wannan ba?

Na wanke kayan, na goge, na ninke. Talata da hantsi na ɗauka na tafi gidan da take haya.

Wata mace ce ta buɗe ƙofa, gajera, da gilashi, cikin riga toka-toka. Akwatuna biyu a buɗe a ƙasa. Ta ga baƙin da ke jikina ta gane ni. Ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, tana magana da sauri da harshensu, tana nuna kwandon shara. Na leƙa. Jar rigar da ta sa ranar Lahadi ce a ciki, an yayyanka ta da almakashi.

Yaling tana zaune a bakin gado. Ban da ɓawon ciwon, akwai sawun yatsu a ɗaya kuncin.

"Mamata ce," ta ce, ba ta tashi ba. "Tana ba ki haƙuri. Ta ce ta haifi dabba. Ta ce a garinmu ko maƙiyinka ne ya mutu ba ka sa ja. Ta je sayen magani na fita, ba ta gani ba sai da na dawo."

Uwar ta ƙara wata magana tana nuna 'yar da yatsa, fuskarta a yamutse kamar ta shaƙi wari. Irin fuskar da na yi ke nan ranar Lahadi, na gane ta.

Na ajiye kayan a kan tebur, jar rigar da na taɓa ba ta a sama. Yaling ta dube ta, ta dube ni.

"Kin san ja a wurinmu," ta ce. Harshenta yana sarƙewa in ranta ya ɓaci. "Na saya a kasuwa ranar Asabar, mai shago ta ce, za ki biki? Da safe na sa, na ga madubi, na yi amai. Na cire. Na sa baƙi. Na tuna kin ce kada. Na sake sa ja, na sake amai. Na ce, Wisa 'yar Lahadi ce, yau Lahadi, Inna ta ce in ina ƙaunarta. Na ce ƙyamata tawa ce, ba ta Wisa ba, in haɗiye." Ta share hanci da bayan hannu. "Da na shigo na ga kowa baƙi, na sani. Amma na riga na shigo."

Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Na ce, "Ni na faɗa. Na manta na faɗa."

"Kin ce ƙazanta."

"Na ce."

Ta kau da kai. Uwar ta ci gaba da cusa kaya a akwati, jirginsu na yamma ne. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuna babu komai. Na ga in ta ƙi, ta ƙi ke nan, kuma ba ni da bakin cewa ta yi laifi. Na durƙusa a kan tayil, ni da na haifi sa'arta. Uwar ta yi wata 'yar ƙara ta zo za ta ɗaga ni, na ƙi.

"'Yata," na ce, "ba don ni ba. Me ta ce?"

Ta dube ni a durƙushe. Sannan ta zamo daga gadon ta zauna a ƙasa kusa da ni.

"Hular, na ce ta sa, ta ƙi. Ta ce kaina daga nesa aka kawo shi, ya fi tsada." Ta ja numfashi. "Da muka faɗi, ba ta san ya yi muni ba. Ta dubi rigarta, farar ta makaranta, duk jini. Ta yi dariya. Ta ce, dubi, launina, yau ma ba Lahadi ba."

"Sai me?"

"Ta ce, Inna za ta kashe ni, jiya ta goge ta. Ta ce in gaya miki ki jiƙa da ruwan sanyi, kada ki sa na zafi. Na ce Inna ta sani, aikinta ne. Ta ce, gaya mata dai, in ranta ya ɓaci mantuwa take yi."

Wani sauti ya fito mini, ban san ko dariya ba ne.

"Ta tambaya ko kina zuwa. Na ce kina hanya. Ta ce, ce mata kada ta hau babur ɗin haya, ana ruwa, ta jira mota. Ta faɗa sau biyu. Sannan ta ce tana jin sanyi. Shi ke nan, Inna. Babu wani. Na yi ta tunani ko akwai babba da na manta, babu."

Na ce ya isa. Na ce mota na hau. Ta ce to, ta kifa kai a gwiwata, na dafa gashinta, uwar tana tsaye da riga a hannu ba ta san me muke cewa ba. Da zan fita na sa hannu a kwandon shara na ɗauki yanki ɗaya na jar rigar. Uwar ta zaro ido. Ban yi mata bayani ba.

Asibiti sun ba ni kayan Wisa a baƙar leda tun ranar Laraba. Tongbai ta ce a ƙone su tare da ita, na ce na manta su a gida, alhali suna ƙarƙashin teburin guga. Da na koma na ɗaura jan yankin a wuyan tulun tagulla, na tari ruwan sanyi a baho, na kwance ledar. Warin ya buge ni, kwana shida a ƙulle. Rigar ta ƙage kamar kwali. Na tura ta cikin ruwan da hannu biyu.

Ina durƙushe a wurin, da la'asar, sai ga Tongbai a bakin ƙofa, har yanzu cikin leshinta, da 'yar takarda a hannu.

"Duan! Kin ji abin da 'yarki ta yi mana? Caca ta fito, lamba ɗaya muka kuskure! Bakwai ɗin nan ashe ɗaya ce. Yarinyar nan ko a mace rowa..." Ta tsaya, ta toshe hanci. "Wai me ke wari haka? Me kike wankewa?"

Na tsamo rigar na ajiye gefe. Na ɗaga bahon, na watsa mata ruwan daga ƙirji har ƙafa. Ta yi ihu, ta zage ni, ta zagi uwata, maƙwabta suka fito. Na ja ƙofar shago na rufe.

Tabon bai fita ba. Na sani tun kafin in fara, jinin da ya kwana ɗaya ma da wuya, balle shida. Ya dai sauya, ya koma wani launi kamar na tsatsa, wanda babu shi a katunansu. Na sake tara ruwa a bahon, na taɓa da yatsa na tabbatar mai sanyi ne, na mayar da rigar ciki.